Kalmar da Kulu Ta Bari Ba Wasali

Ranar da aka yi wa Gwaggo Kulu wankan gawa, sai da aka aika maƙwabta aron magagari. Munduwar jan ƙarfe ce a hannunta na hagu ta ƙi fita. Masu wanka sun shafa sabulu, sun shafa man gyaɗa, sun ja, sun murɗa, ƙarfe ya ce bai san zance ba. Uwani, 'yar ƙanin mamaciyar, ita ta durƙusa ta dinga goga har munduwar ta rabu. Da aka cire, sai ga tabon ƙuna ya zagaye wuyan hannun, fari tas, daidai da faɗin ƙarfen.

Duk matan da ke wurin sun san wannan munduwa, ba a hannun Kulu kaɗai ba, a bakinta ma.

Don Kulu mai ba da labari ce, kuma ba irin wanda ake ba yara ba. Takan ce labarin so iri biyu ne. Akwai wanda ake farawa da kallon juna a bakin rijiya a ƙare da jeren kwalla, kowa ya ci alkaki ya tafi gida, wannan ko jika za ta iya ba ku. Sai kuma baƙar soyayya. A cikinta namijin ba mutumin kirki ba ne, kuma labarin ba ya yi masa kwaskwarima. Macen ta san haka sarai, ƙafarta kuma ba ta daina kai ta ba. Mai sauraro tsoro take ji, kuma in aka tsaya ta hau roƙo a ci gaba. Kafin Kulu ta fara irin wannan, sai ta ajiye mazarinta ta ce, “Mai ƙaramar zuciya ta tashi yanzu, ban da kuka a kan audugata. Kuma ku ji da kyau, wannan na ji ne, ba na yi ba. Duk wanda ya nufo ki da ƙarfe mai zafi, ki kwasa a guje sai gaban alƙali.”

Wanda aka fi roƙonta shi ne na wata yarinya da wani maƙeri da munduwa. Sau nawa ta ba da shi ana kaɗi a tsakar gida, amma ba ta taɓa kai ƙarshe ba. Da an zo gab, sai ta ce tuwonta zai kama, ko an kira la'asar. Ashe yarinyar tana zaune a gabansu shekara da shekaru, da munduwar a hannu, su kuwa suna cewa Allah sarki wannan yarinya.

Kwana biyu kafin ta cika, Kulu ta kira Uwani ta miƙa mata wani ɗauri a cikin fata. Warƙa arba'in ne da ɗaya, rubutun ajami da hannunta, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja.

“Akwai Isiyaku maƙeri a gindin Dala, wajen Ƙofar Mazugal. An ce idonsa ya tafi. In na wuce, ki kai masa ki karanta masa da bakinki, daga farko har ƙarshe. Kada ki ƙara, kada ki rage. Kin ji?”

“Na ji, Gwaggo.”

“Maimaita.”

“Kada in ƙara, kada in rage.”

Uwani bazawara ce, shekararta ashirin da 'yan kai. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata karatu. Tana ƙarama take leƙen takardun Gwaggo tana kwaikwayo da gawayi a bayan ƙofa, har ran nan aka tarar tana karanta wasiƙar da ba tata ba. Ta ɗauka wannan alkawari mai sauƙi ne. Mene ne a ciki, a buɗe baki a karanta?

Ran sadakar bakwai sai ga Malam Gwadabe.

Gwadabe ɗan ƙanwar Kulu ne, wato taubashin Uwani, kuma akawu ne a wani ofishin Nasara a bayan ganuwa. Yana da keke wanda lungunan Zaitawa ba sa bari ya hau, don haka tura shi yake yi, yana kaɗa ƙararrawa don kada a zata na aro ne. Yana da kwat da yake ɗorawa a kan riga ko da bazara, da tabarau, da agogon aljihu da ya tsaya tun bara, amma duk da haka yakan ciro ya duba in zai faɗi magana mai nauyi. Duk abin da aka faɗa masa sai ya ce “Ai si,” wato na gane da Turanci. Shi ya sa Uwani take kiransa Malam Ai Si.

Ya same ta a soron ciki, ya ciro agogo ya duba.

“Na samu labari Inna Kulu ta bar rubutu.”

“Wa ya kai maka gulma har bayan ganuwa?”

“Ke dai jahilar gida, saurara. Baturenmu yana neman labarai na Hausa, za a juya su da boko a buga da inji, 'yan makaranta su karanta. Kin san inji?”

“Na san mai niƙa magana dai, ga shi a gabana da kwat.”

“Sunan Inna zai shiga littafi. Littafi, Uwani!”

Abin ya ɗan taɓa ta, gaskiya. Takarda ɗaya ce, gara na iya ci, damina na iya jiƙawa. Ta ce ya zo ya juya, amma takardun ba za su bar hannunta ba.

Washegari ya zo da littafin rubutu mai layi da fensir biyu. Ya karɓi warƙar farko, ya kai ta kusa da hanci, ya kai ta nesa, ya ce tabaran nan an yi su ne don boko, ajami yana sa su hawaye. Uwani ta karɓa ta fara karantawa, shi yana rubutawa.

Ta san labarin tun tana budurwa, amma a takarda wani abu ne daban. Nan babu “wata yarinya”. Kulu ta ce ni. Ta ce ranar da ta fara ganin Isiyaku an aike ta gyaran wuƙa, ya ɗago ya dube ta, ya ci gaba da duka ba ya kallon ƙarfen, kuma masabar ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Ta ce ya karya wa wani ɗan koli hannu don kawai mutumin ya tambaye ta kwanan gida. Ta ce da ta ji labarin sai da ta yi amai don tsoro, kuma kashegari ta nemo wata wuƙa mai lafiya ta dakushe ta a dutse don ta sami abin kai wa gyara.

Gwadabe ya ajiye fensir. “Wannan ai mugu ne.”

“Mugu ne.”

“To me ya sa take komawa?”

“Da ta sani ai da warƙa ɗaya ta ishe ta.”

“A'a. Labari na zamani yana da tsari. Dole mutumin ya tuba, ko dogarai su kama shi, a ƙarshe a fitar da darasi. Haka ake yi a Ingila.”

“Ka je?”

“Na ga hotonta.”

“To rubuta, Malam Ai Si, fensirinka na hucewa.”

Kwana uku suna yi. A rana ta biyu Gwadabe ya daina cewa ai si. A ta uku ya zo ba kwat, ya ce an kai wanki, kuma shi ya fara cewa, “Ina muka tsaya?”

Sun tsaya ne a shekarar da Nasara suka shigo. Isiyaku ya aika neman aurenta, iyayenta ba su hana ba, ita ce da kanta ta tafi maƙera ta ce masa a'a. Ta ce masa ta duba ta gani, in ta shiga gidansa ɗayansu ba zai ga damina biyu ba, kuma ba ta san wanne ba. A lokacin yana da munduwa a wuta, ita yake ƙera mata, shi da bai taɓa aikin jan ƙarfe ba sai baƙi. Ya ce to ta karɓi kayanta. Ta ce bari ta huce. Ya ce in ta huce ba tasa ba ce.

Uwani ta karanta a hankali: “Ba wanda ya riƙe ni. Ƙofa tana bayana a buɗe, ina jin masu tallan fura a waje. Na rufe ido na miƙa hannu.”

Daga ranar ba su sake magana ba. Kulu ta yi aure sau biyu, mazan kirki, duka ta binne su. Tsakanin Zaitawa da Dala ko tuwo ba zai huce ba in an ɗauka, amma shekara talatin da ɗaya ba ta sake bin wannan hanya ba.

Saura warƙa ɗaya, ta arba'in da ɗaya. Layi biyu ne kawai a tsakiyarta. Uwani ta fara: “Isiyaku, abin da ka sa mini a hannu ya wuce cikin ƙirji...” Sai ta tsaya.

“Ci gaba mana.”

Ba ta ci gaba ba. Kalmar da ke biye baƙi huɗu ce, ƙaf, wau, nun, alif, tsirara, babu ja ko ɗigo a kanta. Bayanta kuma magana ta ci gaba da wasalinta cif: “...ce, kuma da ita na kwana shekara talatin da ɗaya.”

Ta juya masa takardar. “Duba nan. In ka ɗora wasali bisa a kan ƙaf, ƙauna ce. In ka ɗora rufu'a, ƙuna ce. Ita kuwa ba ta ɗora komai ba.”

Gwadabe ya leƙa, ya gyara tabarau, kuma nan take akawun da ya kwana uku yana barci ya farka.

“Ka ji matsalar ajami! Mantuwa ce. Tsufa, ga ciwo, ga rashin tsari. Shi ya sa boko ya fi, wasali yana cikin kalma, ba a barinsa a gida kamar takalmi. Sa ƙauna kawai. Sai in ƙara shafi guda, ya zo ya nemi gafara, a ɗaura aure.”

“Da gawa?”

“A littafi ai ba ta mutu ba.”

Uwani ta kwashe warƙoƙin ta shiga ɗaki. Ta baje su a tabarma ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da yatsa, har rana ta karkata. Warƙa arba'in, babu baƙi ɗaya da Gwaggo ta bari ba wasali. Har inda ta yi kuskure ta kankare ta gyara. Kuma a duk labarin ba ta taɓa rubuta ƙauna ba, ba ta taɓa rubuta ƙuna ba. So take cewa, zafi take cewa, tana kewaye kalmomin nan biyu kamar mai kewaye rijiya. Ta ajiye su ne sai nan. A gefen warƙar ƙarshe, daidai layin, ga wani ɗigon jar tawada mai kauri, irin wanda yake sauka in an daɗe riƙe da alƙalami a sama ba a rubuta ba.

Uwani ta ga Gwaggo zaune da alƙalami a tsaye a kan baƙi huɗu, mace mai shekara hamsin da ta san ajalinta ya kusa, tana dubawa, tana dubawa, sannan ta ɗaga hannu ta wuce kalma ta gaba.

Sai kuma tsoro ya biyo baya. A takarda ana iya barin kalma haka. Baki fa? Baki ba ya furta baƙi sai da wasali. In ta ce ƙauna ta ƙara, in ta ce ƙuna ta ƙara, in ta tsallake ta rage. Kuma duk wadda ta faɗa, da ita makahon nan zai shiga kabari, a matsayin maganar Kulu ta ƙarshe.

Kwana biyu tana gwadawa a bakin murhu, ko akwai wata murya tsakanin a da u. Abin da ya fito ya fi kama da kukan tunkiya.

Ran Juma'a da hantsi ta ɗauki mayafi. Gwadabe ya ce zai raka ta, don a cewarsa wannan shi ake kira bincike, za a tambayi mai abin a rufe magana. Kwat ta dawo daga wanki. Suka bi lungu, ita a gaba da ɗaurin fata da munduwa a ƙulle a bakin zane, shi a baya yana tura keke yana kaɗa wa awaki ƙararrawa.

Maƙerar tana gindin dutsen, rumfa ce mai baƙin rufi. Ran Juma'a ba a hura wuta, don haka babu kowa sai wani dattijo a kan buzu kusa da uwar maƙera. Uwani ta zo da shirin ganin dodo. Abin da ta gani tsoho ne mai faɗin kafaɗa da ya rame, idanunsa sun yi fari, hannunsa na dama a dunƙule a cinya.

Suka yi sallama, ta durƙusa.

“Baba, ina kwana. Daga Zaitawa nake. Ni 'yar ƙanin Kulu ce.”

Tsohon ya ce, “Na ji an yi rashi. Ran Talata.”

“Wa ya gaya maka, Baba?”

“Kullum akwai wanda nake tambaya. Masu kawo gyaran fartanya daga wajenku sun ɗauka son gulma ne.”

Gwadabe ya yi gyaran murya, ya ciro agogo, ya tuna mutumin ba ya gani, ya mayar. “Baba, ni ne Malam Gwadabe na ofis. Mun zo ne a kan wata 'yar matsala ta rubutu...”

“Wane ne wannan mai warin man keke?”

“Taubashina ne, Baba. Ba ya cizo.”

“To ya zauna.”

Gwadabe ya duba ko akwai kujera. Ya zauna a ƙasa.

Uwani ta faɗi saƙon Gwaggo, ta kwance fata ta fara. Nan da nan labarin ya ɗauke ta. Tsohon bai katse ta ba sai sau biyu. Da aka zo kan ɗan koli, ya ce, “Sabo sunansa. Har ya mutu hannun bai miƙe ba. Na je neman gafara ya sa aka rufe ƙofa, kuma daidai ya yi.” Da aka zo kan wuƙar da aka dakushe a dutse, sai ya yi wata 'yar dariya ta cikin maƙogwaro. “Na sani. Dakushin dutse daban ne da na aiki. Wuƙa bakwai ta kawo.”

Da ta kai wurin munduwa, ta karanta, “Na rufe ido na miƙa hannu.” Ta ɗago ta dube shi, kuma abin da yake cinta tun ranar wanka ya fito ba ta shirya ba.

“Baba, abin da ka yi mugunta ce.”

Gwadabe ya zabura. Tsohon ya ce, “Mugunta ce, 'yata. Ba ni da wani suna da zan ba ta.”

Sai ya buɗe hannunsa na dama. Ba don ya nuna musu ba, kamar dai hannun ne ya gaji da dunƙulewa. Tafin ya tattare, ga tabo ya ratsa shi daga tushen babban yatsa ya lanƙwasa ya bi ta cikin yatsu huɗu, faɗinsa faɗin munduwa.

Uwani ta kasa ɗauke ido. A duk warƙa arba'in babu wannan.

“Ba da awartaki ka ɗauko ta ba?”

“Ina za a sa wa mace munduwa da awartaki?”

“Gwaggo ba ta sani ba.”

“Idonta a rufe yake. Kuma bai rage mata komai ba, kada ki ɗauka ya rage. Nawa ni na jawo. Karanta.”

Ta ɗauko warƙar ƙarshe. “Isiyaku, abin da ka sa mini a hannu ya wuce cikin ƙirji...”

Ta tsaya.

Tsohon ya karkato kunne. Uwani ta ga yadda yake jira, ta ga kalma ɗaya ce za ta kwantar masa da rai, kuma ba wanda zai taɓa kama ta. Har leɓenta ya buɗe a kan wasali bisa. Sai ta ji muryar Gwaggo tana cewa maimaita.

“Baba, ba zan iya karanta ta gaba ba.”

“Ta goge?”

“Ba ta goge ba. Ƙaf ce, da wau, da nun, da alif, ba ta sa musu wasali ba. Ana iya cewa ƙauna, ana iya cewa ƙuna. Bayanta ta ce, ‘ce, kuma da ita na kwana shekara talatin da ɗaya.’ Ta ce kada in ƙara kada in rage. Ni kuwa bakina ba shi da hanyar da zai bi.”

Gwadabe ya buɗe littafinsa, amma muryarsa ta sauka ƙasa sosai. “Shi ne, Baba, muka ce kai da abin ya faru da kai, ko za ka faɗa mana wacce ce, a rubuta.”

Isiyaku ya ce, “Sauran duk ta sa musu?”

“Duk, Baba. Har inda ta kankare.”

“Kulu ke nan,” in ji shi, a hankali, kamar mai yaba ƙira. “Kulu ke nan. Ta bar ta a wuta.”

Ya laluba gefensa ya jawo buta da wani ƙoƙo.

“Da wace tawada ta rubuta?”

“Tata, ta gawayi da ƙaro.”

“To tana wankuwa. Wanke mini.”

Gwadabe ya ce, “Baba, ai ba aya ba ce.”

“Na sani, ɗana. Ba magani nake nema ba. Ita ta ce a kawo mini, baki ya kasa kawowa, ido babu. Saura hanya ɗaya.”

Uwani ta dubi warƙar. Ita kaɗai ce a duniya, da ɗigon jan nan a gefe. Ta auna maganar Gwaggo ta ga babu ƙari a nan, babu ragi. Ta sa takardar a ƙoƙo, ta zuba ruwa, ta shafa da yatsa. Baƙi ya narke, ja ya narke, suka haɗu suka zama wani launi kamar ƙarfen da ya fara hucewa. Ta sa masa ƙoƙon a hannu biyu.

Ya yi bisimilla ya sha, a hankali, bai bar ko ɗigo ba. Ya kife ƙoƙon. Hawaye suka sauko daga fararen idanun nan suka shiga gemu, bai share ba.

Gwadabe ya riƙe fensir a sama. Uwani ta ga tambayar tana hawowa maƙogwaronsa, ta ga kuma ya haɗiye ta. Tun da ta san shi, wannan ne aiki mafi nauyi da ta ga ya yi.

Ta kwance bakin zane ta ciro munduwar. “Da magagari muka cire, Baba. Ta ƙi fita.”

“Ba a yi ta don ta fita ba.”

Ta ɗora masa a tafi. Ƙarfen ya kwanta a cikin tabon, lanƙwasa a kan lanƙwasa, ya rufe yatsu a kai.

“Ku tafi, kada ɗan ofis ya rasa Juma'a. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kin iya karatu.”

A hanyar komawa Gwadabe bai kaɗa ƙararrawa ko sau ɗaya ba. Da suka zo wata inuwar kuka ya jingine keke, ya buɗe littafinsa a shafin ƙarshe. Ya rubuta layin da boko, ya bar fili a tsakiya. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya miƙa mata fensir.

“Zana mini su a nan. Yadda ta yi.”

“Cikin boko? Injinku zai shaƙe.”

“Ya shaƙe.”

Uwani ta karɓa, ta fara daga dama, ta rubuta ƙaf, wau, nun, alif. Fensirin ya ɗan tsaya mata a kan ƙaf ɗin. Ta ɗaga hannu ta mayar masa da kayansa.

Bayan wata guda Baturen ya dawo da littafin, ya ce labarin bai dace da 'yan makaranta ba. Uwani ta ce wannan ce maganar hankali ta farko da ta fito daga ofishin nan, don Gwaggo ma korar yara take yi kafin ta fara.

Yanzu in ana kaɗi a tsakar gida, ita ake roƙo. Tana ajiye mazari, ta ce mai ƙaramar zuciya ta tashi, ta ja musu kunne a kan ƙarfe mai zafi da gaban alƙali, sannan ta ba da shi har ƙarshe, da tafin hannun da komai. In ta zo kan kalmar sai ta rufe baki, ta zana baƙi huɗu da yatsa a ƙasa. Matan sukan matso su leƙa, har da waɗanda ba su san alif ba.